Rauta: Baƙuwar Da Ke Tona Asirin Gida

A hutun da ya wuce na je gida Kagarko, na tarar kawuna ya tattara iyalinsa ya bar ƙauyenmu saboda masu garkuwa da mutane da suka addabi yankin. Bai gaya wa kowa inda ya koma ba sai 'yan uwa na jiki. Har layin wayarsa ya sauya. Amma cikin kayan da ya kwasa akwai 'yar na'urar nan mai rarraba intanet a gida, wadda jama'a ke kira rauta, ni ma bakinsu zan bi. Ita ce dalilin wannan rubutu.

Ya kai mai karatu, kowace rauta tana da lamba tata ta dindindin da aka sa mata tun daga masana'anta, ana ce mata BSSID. Muddin tana kunne, to shelar wannan lamba take yi dare da rana, ko da kuwa an kulle ta da kalmar sirri. Wayoyin maƙwabta da na masu wucewa suna jin shelar, sai su aika wa Apple ko Google lambar tare da wurin da suka ji ta. Da haka kamfanonin suka haɗa taswirar rautocin duniya, domin waya ta riƙa gane inda take nan da nan, ko a cikin ɗaki, ba tare da ta zuƙe batir ba. Abin lura, ba a nemi izinin mai rautar ba. Ko bai mallaki waya ba, ta maƙwabci ta wadatar.

A shekarar 2024 wasu masana biyu na Jami'ar Maryland da ke Amurka, Erik Rye da Dave Levin, suka bayyana cewa duk wanda ya tambayi rumbun Apple wurin rauta guda, yakan ba shi amsa, ya kuma yi masa gyara da wasu har 400 na kusa da ita. Cikin shekara ɗaya suka tara wuraren rautoci fiye da biliyan 2. Sun bi sawun na'urorin da ke shiga da fita fagen yaƙin Yukiren, sun kuma ga yadda na Gaza suka yi ta ɓacewa daga taswira lokacin da yaƙi ya yi zafi.

To, a nan ne maganar kawu ta shigo. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohon gidansa yana iya karanta lambar da manhajar kyauta. Bayan 'yan kwanaki da kunna rautar a sabon gida, wayoyin sababbin maƙwabta za su kai rahoto, taswira ta gyaru. Ba ina cewa 'yan bindigar dajinmu wannan hanya suke bi ba. Kowa ya san masu kai musu tsegumi ne ƙarfinsu. Sai dai mai tsegumin nan ɗan gari ne, kuma yana iya zama ɗan boko mai babbar waya. Haka nan macen da ta guje wa azzalumin miji, da mai ba da shaida a kotu, duk abin ya shafe su.

Akwai 'yar dabara. Idan aka ƙara _nomap a ƙarshen sunan rauta, Google ya yi alkawari tun 2011 ba zai sa ta a taswira ba, Apple ma ya bi sahu a 2024. A ganina wannan ɗora wa mai gida nauyi ne, domin mutum nawa suka taɓa jin labarinta a Jere ko Kubacha? Kuma alkawari ne kawai, lambar ba ta daina fita ba. Wanda ya yi ƙaura don tsira da rai, gara ya bar tsohuwar rauta a baya, ya yi amfani da intanet ɗin wayarsa, domin wayoyin zamani sukan sauya lambar da suke shelantawa.

Da na yi wa kawu wannan bayani, sai ya yi shiru, can ya ce, “Ɗiyata, wato ni na ɗauko ɗan tsegumin da hannuna?” A daren muka cire ta daga wuta.