Na'urar Da Ake Koya Wa Magana Kamar Jariri

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar kifi ta Haɗejia ya ga wannan abu, ko da bai kula ba. Uwa tana ciniki, goyonta ya leƙo ta kafaɗarta, ya miƙa yatsa wajen tarwaɗa mai motsi a daro. Uwar ta bi yatsan da ido, ta ce, "Kifi ne." Yaron ya dubi kifin, ya dubi fuskarta, ya sake duban kifin. Shi ke nan, an shuka kalma.

'Yan'uwa masu karatu, wannan ɗan abu shi ne ya daɗe yana ba masana wuya. Tun 1950 Alan Turing na Ingila ya ba da shawara a ƙera na'ura mai hankalin yaro, a yi ta renonta, maimakon a nemi ta fito da hankalin babba. A 1999 Luc Steels ya gwada wani abu makamancin haka. Ya kafa kyamarori biyu suna kallon allo mai zane-zane masu launi. Ɗaya ta zaɓi zane ta laƙa masa suna, ɗayar ta nuna wanda take zato ake nufi. In ta kuskure, a gyara mata. Sannu a hankali suka daidaita a kan kalmomin da babu mutumin da ya ba su. A Italiya kuma akwai iCub, mutum-mutumin inji mai girman ƙaramin yaro, wanda ake miƙa wa kaya a hannu ana faɗa masa sunayensu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Jami'ar New York a 2024. An ɗaura wa wani yaro 'yar kyamara a ka lokaci-lokaci, daga yana wata 6 har ya kai wata 25. Awa 61 kawai na abin da ya gani ya kuma ji aka ba kwamfuta, sai ga ta tana haɗa kalmomi irin su ƙwallo da mota da abin da suke nufi.

Amma a ganina da sauran tafiya. Kwamfutar nan kallo kawai ta yi. Ba ta jin ƙishirwa, balle ta nemi ruwa. Yaron Haɗejia kuwa, ran da ya fara cewa "ruwa", randa yake nufi. Kafin ya shekara uku ya gane kalmar nan ɗaya ce ga kogin da babansa ke su a ciki, da wanda ke zubowa daga sama, da wanda ke cinye gonar shinkafa a fadama in damina ta yi ƙarfi.