Idan Mota Ta Ce Gwaram: Ƙarar da Ke Fitowa Daga Ƙarƙashin Motocin Jeji

Yau ƙarƙashin mota za mu shiga, don haka mai farar shadda sai ya tattare ta.

Duk wanda ya taɓa hawa bayan Hilux zuwa kasuwar ƙauye, ko Land Cruiser daga Agadas zuwa Dirku, ko tsohuwar Land Rover mai hawan tsaunin Mambila, ya san wannan ƙarar. Direba ya taka kuloci, ya sa giya, yana ɗaga ƙafa sai ka ji gwaram daga ƙasa, kamar an saki guduma a kan bokitin ƙarfe. Fasinja ya kalli direba, direba ya ce ai haka take yi. Ranar da abin ya ishe shi sai ya nufi gareji, tun kafin ya kashe mota ya riga ya yanke hukunci: Oga, giyata ta tafi.

To, sau da yawa giyar lafiyarta ƙalau. Laifinta ɗaya, a lokacin da aka taɓa ta ne ƙarar ke fitowa.

Ku dubi tafiyar da ƙarfin inji ke yi kafin ya kai ga taya. Daga inji ya shiga kuloci, daga kuloci ya shiga giya. A ƙaramar mota daga nan an kusa isa. A motar jeji kuwa akwai akwati na biyu a bayan giya, wanda direbobi ke kira oksilari, shi ke raba ƙarfin gaba da baya. Daga shi farfela biyu suka fita, ɗaya ta nufi aksil na gaba, ɗaya na baya, sannan shaf ya ɗauka ya kai wa taya. A kowace mahaɗa maƙera sun bar ɗan sarari da gangan, don mai ya samu hanya, kuma ƙarfe ya samu wurin buɗewa idan ya ɗau zafi. A aksil ɗin motocin Toyota da yawa, sararin da ke tsakanin haƙoran manyan giyoyi biyu da ke cikinsa milimita 0.13 ne zuwa 0.18, bai kai kaurin takarda biyu ba. Amma shekara goma a kan burji da yashi na buɗa shi, nan kaɗan, can kaɗan.

Kamar ayarin raƙuma ne da aka ɗaure da igiya ɗaya. Idan igiyar a miƙe take, na gaba na tashi kowa ya bi salin-alin. Idan ta yi sako-sako, sai an fizgi kowane raƙumi kafin ya motsa. Wannan fizgar ce kuke ji. Shi ya sa ta fi fitowa idan an tashi daga tsaye, ko an koma ribas, ko an saki totur an sake takawa.

Wanda ya fi kowa yawan laifi a wannan shari'a shi ne kuros, ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke kowane ƙarshen farfela. Tsohon abu ne ƙwarai. Turawa na danganta shi da wani masanin Italiya, Gerolamo Cardano, tun ƙarni na 16, sannan Robert Hooke na Ingila ya yi bayaninsa a 1676. Clarence Spicer, Ba'amurke, ya fara ƙera shi don motoci a 1904. Kowane hannu na kuros yana cikin ɗan kofi mai cike da siraran ƙarafa kamar allurai, kuma giris ne abincinsu. Mota ta ratsa rafi da damina, ruwa da laka suka shiga, giris ya wanke, alluran suka fara cin junansu.

Da idona na ga wannan a wani gareji. An sauke giyar wata Hilux, aka kwana biyu ana buɗe ta, aka sa sababbin boris, mai mota ya biya kuɗi masu ciwo. Ana tayar da ita aka sa ribas, gwaram ɗin na nan daram. Sai wani ɗan koyo, yaron da bai wuce aiken sayo fiyawota ba, ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya kama farfelar baya da hannu biyu ya murɗa. Ƙwas, ƙwas. Ya shafa bakin kofin da yatsa, ya fito da shi jawur, kamar ya tsoma a garin barkono. Tsatsa ce. Da aka fasa kofin, alluran sun zama gari. Ogan garejin bai ce uffan ba, sai ya aiki wani yaron kasuwa ya sayo kuros.

Wannan gwajin kowa zai iya yi, amma a yi shi da hankali. Mota a fili mai lebur, inji a kashe, a sa wa tayoyi waiji gaba da baya, sannan a sa giya a firi. Masu tsohuwar Land Rover ku lura, birkin hannunku farfela yake riƙewa a bayan oksilari, ba taya ba, don haka sai an sake shi kafin a ji motsin, kuma waijin nan ne kaɗai ya tsare ku. A murɗa farfela hagu da dama, a girgiza ta sama da ƙasa. Ɗan juyi kaɗan kafin ta tsaya ba komai ba ne, sararin aksil ke nan. Amma idan rabin mahaɗar ya motsa ɗaya rabin bai bi ba, kuros ya gama aiki.

Akwai wata ƙarar mai ruɗa mutane, ita ba ƙwas take cewa ba, dum take cewa. Ka taka birki ka tsaya, kana sakin birkin sai ka ji kamar ɗan acaɓa ya daki bayan motar. Ka leƙa madubi ba kowa. Farfela tana da wani sashe mai shiga da fita kamar wuƙa a cikin kube, domin duk sanda sifirin ya lotsa tsawonta kan canja. Idan wurin ya bushe sai ya cije, sai nauyi ya yi yawa ya ɓalle lokaci guda. Maganinsa giris, ta ɗan nonon da ke jikin wurin. Sai dai a nan kanikawa da yawa ke wuce gona da iri, su yi ta bugawa har wurin ya cika maƙil. Idan ya cika, farfela ba ta da inda za ta shige, sai ta koma tana tokarar boris ɗin oksilari. Bugu kaɗan ya wadatar.

Sauran masu laifi ba sa buƙatar dogon bayani. Injin sit ko giya sit da robarsa ta yage, za ka ga sandar giya na tsalle idan an ɗaga kuloci. Sai bushin sifirin da ya cinye, da notin da ke ɗaure aksil a jikin sifirin idan ya kwance. Minti goma da sifana da dogon ƙarfen banƙara sun isa a gano su.

Ƙat-ƙat-ƙat kuwa, mai bin saurin taya, wadda ke fitowa idan an karya sitiyari har ƙarshe alhali gaba na ja, wannan mahaɗar shaf ɗin gaba ce, mai ƙwallayen ƙarfe shida. Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, shi ya ƙirƙiro irinta a shekarun 1920. A Hilux ta zamani roba ce ke rufe ta, kuma ƙaya ɗaya ko kututture ɗaya ya isa ya yaga ta, yashi ya shiga. A Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984 kuma har yau ake ji da ita a hamada, mahaɗar na ɓoye cikin wani ƙoƙon ƙarfe a ƙarshen aksil. Idan ka ga baƙin kunu na tsiyaya a jikin ƙoƙon, man aksil ne ya gauraya da giris. A duba kuma makullin tsakiyar tayar gaba, wanda ake murɗawa da hannu. Idan bai shiga sosai ba, shi ma yana ƙat-ƙat, wani lokaci ya saki ya sake kamawa da ƙara.

Yanzu bari mu taɓo direbobi, a yi mini afuwa. Wata ƙarar ba lalacewa ba ce, hannun mutum ne. Hilux da Land Cruiser 70 ba su da abin da ke daidaita gudun gaba da na baya a tsakiya. Idan an sa oksilari a H4, wato jan tayoyi huɗu, farfela biyun sun zama sanda ɗaya. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya doguwar tafiya. A cikin yashi ko taɓo taya na ɗan zamewa, bambancin ya fita. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarafan su yi ta murɗuwa kamar wanki ana matsa. Direba ya fito daga jeji, ya hau titi ya manta, sai sitiyari ya yi nauyi, sandar oksilari ta ƙi fita, da ta fita kuma sai ka ce bindiga. Kada a sa mata ƙarfi. A ja da baya a miƙe 'yan mitoci, za ta saki da kanta. Tayoyin gwanjo masu girma daban-daban ma na jawo haka ko a miƙaƙƙiyar hanya. L4 na oksilari kuma sai mota ta tsaya cak ake sa shi.

Yaushe ne giyar ke da laifi? Idan ƙarar gurrr ce, ta haƙora na cin haƙora, tun sandar na hannunka kafin ka ɗaga ƙafa. Idan a kowace giya ne har da ribas, a fara duba kuloci, wataƙila ba ya saki duka. Idan giya ɗaya ce tak, ta biyu misali, zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙoran ne ya cinye. Nan kam sai an sauke.

Kuros dai ba abin a ce bari a kai gobe ba ne. Idan na gaban farfelar baya ya ɓalle mota na gudu, kan farfelar ƙasa zai faɗi ya caki hanya, ya ɗaga bayan mota da mutanen da ke kai. Idan kuwa ya mutu a jeji nesa da gari, tsofaffin direbobi na da dabara. A kwance farfelar baya gaba ɗaya, bayan an yi mata alama da alli ko ƙusa don ta koma yadda take. A murɗa makullin tayoyin gaba, a sa H4, a tafi da jan gaba kaɗai, a hankali. Sai dai a fara leƙa bayan oksilari. Idan farfelar da noti huɗu aka ɗaure ta a jikin faifai, babu damuwa. Idan zura ta aka yi a ciki, ana zare ta mai zai biyo, sai an toshe bakin kafin a tashi.

Nan za mu fito daga ƙarƙashin motar.