Likitocin Ƙafa Da Neman Aiki A Ƙasashen Waje

A 'yan shekarun nan, duk inda matasanmu ma'aikatan asibiti suka haɗu, ko a ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada ko a wurin biki, da wuya hira ta ƙare ba a taɓo zancen tafiya ƙasar waje ba. Yanzu kuma an fara raɗe-raɗin wai ana neman likitocin ƙafa ruwa a jallo a Ingila da Ostareliya, wai duk wanda ya iya wanke gyambo ya ɗaure shi hanya ta buɗe masa. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa yana iya raba mutum da gonar gado, shi ya sa muka ga ya kamata mu warware wa masu karatu yadda abin yake.

Shi dai likitan ƙafa aikinsa daga idon sawu ne zuwa yatsu: farce mai shiga nama, kanta, faso, karkacewar tafin ƙafa, da babbansu duka, watau gyambon masu ciwon sukari. Wannan ciwo yakan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙaya bai ji ba, ya kuma rage gudun jini yadda rauni ba ya saurin warkewa. Galibin ƙafafun da ake yankewa masu sukari, da ɗan ƙaramin miki abin ya fara. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi. Ga kuma tsofaffi suna ta ƙaruwa a ƙasashen Turawa. Dalilin neman ke nan.

Mu nan wannan aiki ba baƙo ba ne a gare mu. A asibitocin kutare na Garkida da Yadakunya da Amanawa, da Danja ta Jamhuriyar Nijar, an daɗe ana jiƙa ƙafar da ba ta jin zafi, a kankare kanta, a shafa mai, a ɗinka takalmi mai taushi. Dokta Paul Brand, likitan mishan da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ya nuna cewa rashin jin zafi da yawan rauni ne ke cinye yatsun kuturu. Bayan ya koma Carville ta Amurka a 1966, sai aka ɗora kulawar ƙafar masu sukari a kan wannan ilimi. Saboda haka akwai nas-nas a cikinmu da hannunsu ya faɗa ƙwarai a wannan fage.

Amma fa iyawa daban, takarda daban. A Ingila sunan likitan ƙafa suna ne da doka ta tsare. Ba mai amfani da shi sai wanda ya yi rajista da hukumar HCPC, wanda kuma ya laƙaba wa kansa sunan ba rajista ya yi laifi a gaban shari'a. Hukumar takan ɗauki karatun mai nema ta gwada shi da digirin da ake yi a can, na shekara 3, ko 4 a Sukotlan, darasi bayan darasi, har da yawan aikin da ya yi a kan marasa lafiya a gaban malami. Wanda aka nemi ya nuna ƙwarewar Turanci, in jarrabawar IELTS ya zaɓa, sai ya ci maki 7, kada kuma wani sashe ya gaza 6.5. To, a nan gizo ke saƙar, domin wannan digiri ba darasi ba ne da aka saba samu a jami'o'inmu. Ko a Afirka ta Kudu ma Jami'ar Johannesburg ce kaɗai ke koyar da shi. Nas mai shekara 20 tana wankin gyambo, a idon hukumar nan nas ce, hukumar nas-nas za ta nufa.

In rajista ta samu, saura ya zo da ɗan sauƙi. Tun Agustan 2020 Ingila ta fito da bizar ma'aikatan lafiya, wadda kuɗinta bai kai na sauran bizar aiki ba, aka kuma ɗauke wa mai ita harajin lafiya na shekara-shekara da ake karɓa daga baƙi. Sharaɗinta shi ne a sami aiki tukuna, a asibitocin gwamnati na NHS ko wani wurin da aka ba izinin ɗaukar baƙi, su kuma su ba da takardar ɗaukar nauyi. Mai tasowa daga Nijeriya sai ya haɗa da shaidar awon tarin fuka. Takardar ɗaukar nauyin nan ba ta sayarwa ba ce, sunayen masu izinin bayar da ita kuma suna nan gwamnatin Ingila ta jera su a intanet, kowa na iya dubawa kyauta.

Har ila yau akwai abin da dillalai ba sa faɗa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera ƙasashe 55 masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, ciki har da Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. Ƙa'idar Ingila ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata su shigo irin waɗannan ƙasashe farautar mutane. Mutum yana da 'yancin neman aiki da kansa kai tsaye, amma wanda ya zo unguwa da jaka yana cewa shi wakilin asibitin Ingila ne, a kawo kuɗin fom, ya saɓa ƙa'idar tun kafin ya zauna. Tsohuwar dabarar shiga da bizar kula da tsofaffi, da niyyar a canza daga baya, ita ma ta toshe: a Maris 2024 aka hana masu ita tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje.

Ostareliya lissafin maki take yi. Bayan hukumar likitocin ƙafa ta ƙasar ta tantance takardu, mai nema zai iya shiga layin biza mai lamba 189, wadda ba ta bukatar kowa ya tsaya masa, ko 190 wadda jiha ke tsayawa, ko 491 ta masu yarda su zauna nesa da manyan birane. Dole shekarunsa su gaza 45, makinsa kuma ya kai 65, ko da yake kai wa 65 izinin shiga layi ne kawai. 'Yan shekara 25 zuwa 32 su ke kwashe maki mafi yawa na shekaru. Ita 491 ta shekara 5 ce, bayan zaman shekara 3 a yankin sai a nemi zama na dindindin. Maƙwabciyarta Niyu Zilan, wadda makarantar wannan aiki guda ɗaya gare ta a Okland, ta sa likitocin ƙafa cikin jerin masu neman izinin zama kai tsaye a 2023, kuma wanda ya yi rajista a ɗayan ƙasashen biyu ana amincewa da shi a ɗayar.

Amurka kam ba ma ba kowa shawarar ya fara da ita. A can sai an yi digirin farko, a ƙara shekara 4 a makarantar likitancin ƙafa, sannan shekara 3 na horo a asibiti, domin nasu likitocin fiɗa sosai suke yi. Digirin wata ƙasa ba ya maye gurbin wannan.

Wace hanya ta rage wa ɗanmu ko 'yarmu ke nan? Karatu. Wasu jami'o'in Ingila suna da digiri na biyu na shekara 2 domin wanda ya riga ya yi digiri a fannin lafiya, mai gama shi kuma yana iya neman rajista. Kuɗin makaranta na baƙi yana da nauyin gaske, tun Janairun 2024 kuma ɗalibin irin wannan kwas ba ya tafiya da mata ko miji da 'ya'ya. Iyalin da za su sayar da shanu ko fili domin wannan, su zauna su yi lissafin shekara biyu na rabuwa tare da lissafin kuɗin. Kafin a biya ko kwabo, a duba sunan kwas ɗin a jerin waɗanda HCPC ta amince da su, domin akwai gajerun kwasa-kwasan yankan farce da gyaran ƙafa masu ba da satifiket mai ƙyalli, amma ba sa kai mutum ga rajista, balle biza.

Wani abu yana damunmu, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Duk ɗan da muka tara kuɗi muka tura wannan karatu, ƙafafun Manchesta zai duba, alhali a ɗakunan fiɗa na Jos da Kaduna da Yola ana yanke na iyayensa saboda mikin da aka kawo a makare. Ba mu da bakin hana kowa neman abincinsa. Amma asibitocin ikkilisiya da suka gaji aikin kutare suna da abin da za a fara da shi: ɗaki guda, rana guda a mako, da nas ɗin da za ta ce wa kowane mai sukari ya cire takalmi a duba tsakanin yatsunsa. Kwamitocin lafiya na gundumomi suna iya sa wannan cikin kasafin shekara mai zuwa.