Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa maganin da ya sa dashen ƙoda ya zama abin dogaro daga cikin ƙasa aka samo shi? A shekarar 1969 wani ma'aikacin kamfanin Sandoz na Suwizalan ya ɗebo 'yar ƙasa daga tsaunin Hardangervidda da ke Norway. A cikinta aka gano wata funfuna, ita kuwa tana fitar da sinadarin da aka raɗa wa suna cyclosporin.

Da farko an so a yi maganin wasu cututtukan funfuna da shi, bai taɓuka abin kirki ba. Ashe alherinsa na wani wajen: yana kwantar da garkuwar jiki, ta yadda ba za ta far wa sabuwar ƙoda ko zuciyar da aka dasa wa mutum ba. Likita Roy Calne ya gwada shi kan marasa lafiya a Kambirij a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983. Sai dai fa shi ma yana iya taɓa ƙodar idan ya yi yawa a jini, shi ya sa likitoci ke yawan auna jinin mai shan sa.

A gona ma akwai irin wannan. A 1926 Eiichi Kurosawa ya gano cewa funfunar da ke sa shinkafa ta yi tsawo fiye da kima har ta faɗi, wani sinadari take zubarwa. Shi ne gibberellin, wanda manoman inabi ke fesawa yau don 'ya'yan su yi girma.