Mangala Ko Akwati: Jakar Da Ta Dace Da Babur Mai Zuwa Gida

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga watan Nuwamba, hirar 'yan Arewa mazauna Kurmi ba ta wuce ta tafiya gida. A Agege da Idi-Araba cikin Ikko, da Sabo ta Shagamu, da Sabo ta Badun, kowa lissafin kuɗin mota da na tsaraba yake yi. 'Yan'uwanmu na kudancin Jihar Kaduna su ne kan gaba a wannan shiri, domin Kirsimeti a wajensu lokacin haɗuwar dangi ne, ga kuma bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu.

A da, mai zuwa Fadan Kagoma ba shi da wata damuwa game da kaya. Tun shekarar 1927 Kafancan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal ya sadu da na Kaduna da na Jos. Mutum ya sa akwatinsa a jirgi, in ya sauka Kafancan sai ya nemi motar da za ta bi hanyar Kwoi ta ajiye shi a garin Kpop Gwong, watau Sarkin Kagoma. To, wannan jirgi ya daina zama abin dogaro, kuɗin mota kuma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Bugu da ƙari, tun ranar 1 ga Yuni 2022 da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, sa'an nan ta ƙara huɗu a watan Satumba, samarinmu da yawa sun ga gara su mai da baburansu gida. Wasu a tirela suke ɗora su, wasu kuwa hawa suke yi, tafiyar wajen kilomita 900 ta Lakwaja da Abuja. Waɗannan na biyun muke so mu yi wa magana, musamman a kan abin da suke zuba kayansu a ciki.

DARASI DAGA FATAKE

Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro daga Gwanja sun san wani abu da mai babur na yau yake mantawa. Ba su taɓa tara wa jaki kaya a kan gindin wutsiya ba. Sai su shimfiɗa akumari, su ɗora mangala, rabin kaya a dama, rabi a hagu, nauyin ya sauka ƙasa-ƙasa a tsakiyar dabba. In gefe guda ya rinjayi ɗaya, kafin a kai zango jaki ya yi gyambo ko kaya su zube.

Babur ma haka yake. Ƙafa biyu gare shi, kuma ba ya tafiya daidai sai nauyi ya zauna tsakanin tayar gaba da ta baya, kusa da ƙasa. Duk kayan da aka ɗaure a bayan tayar baya, ɗaga kan babur suke yi, kamar yadda yaro mai nauyi ke ɗaga ɗan'uwansa a kan lilon katako. Tayar gaba kuwa ita ce mai juya babur, ita ce kuma mai babban birki. In ta yi sako-sako da kwalta sai kan babur ya riƙa kaɗawa in an yi gudu, birki ya ƙi kamawa, a kwana kuma babur ya ƙi bin hannu. Saboda haka kafin mutum ya tambayi kuɗin jaka ko kyanta, ya fara tambayar inda za ta ajiye masa nauyi.

JAKAR MANGALA

Wannan ita ce jaka biyu haɗe da maɗauri, wadda ake ratayawa a kan sirdin baya, ɗaya ta sauka dama ɗaya hagu. A ganinmu ita ce ta fi dacewa da doguwar tafiya a kan irin baburanmu, su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, domin ita ce ke saukar da nauyi ƙasa. Akwai ta kanti, amma duk madinkin tamfol ko baduku mai gyaran kujerar mota zai iya ɗinka ta in aka kai masa babur ya auna.

Abu uku ake dubawa. Na farko salansa. Jakar da ke gefen salansa kada ta taɓa shi, a bar tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu, kuma a auna wannan bayan an cika jakar an hau babur, domin shokozoba na nutsewa in an zauna. Zafin salansa na narkar da leda da tamfol, har ya kan ta da wuta. Na biyu taya da sarƙa. Jaka mai laushi ta kan lanƙwashe ta shiga cikin waya, in kuwa taya ta cafke ta ana cikin gudu, faɗuwa babu makawa. Maganin wannan shi ne mai walda ya yi ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a kowane gefe, ya tare jakar. Na uku daidaito. A ɗaga jakar dama da hannu ɗaya, ta hagu da ɗaya hannun, in an ji bambanci a rage wa mai nauyin. Kayan aiki da abinci da duk wani abu mai nauyi su ne na ƙasan mangala.

JAKAR BAYA DA AKWATI

Jakar baya ita ce wadda ake kwantarwa a kan sirdin goyo ko a kan kariya. Ga mai tafiya shi kaɗai, wuri mafi kyau shi ne sirdin goyo, dab da bayansa, domin nan ne kamfani ya shirya wa nauyin mutum na biyu. A zaɓi doguwa mai bakin naɗewa, wadda ruwa ba ya shiga, a sa tufafi da bargo da atamfofin tsaraba. Tsayinta kada ya wuce kafaɗar mahayi, faɗinta kuma kada ya wuce na hannun babur, don kada ta kama mota a wurin ratse ko iskar tirela ta yi jifa da mutum.

Akwatin roba ko na ƙarfe irin na masu kai saƙo a Ikko yana da amfaninsa. Yana da makulli, ruwa ba ya shiga, mutum ya iya barin babur ya shiga cin abinci hankali kwance. Illarsa ita ce yana zaune can sama, can baya, watau a wurin da ya fi ko'ina cutar da babur. Masu ƙera irin na kanti su kan rubuta iyakar abin da zai ɗauka a ciki, yawanci kilo 3 zuwa 10 ne kawai. Wurin rigar ruwa ne da burodi da hular kwano in an tsaya. Wanda ya cika shi da ƙarafa ya bi ramukan hanya, ko dai kariya ta tsage ko kusoshi su karye.

Sai kuma jakar nan mai ratsi-ratsi da ake kira Ghana-must-go tun korar baƙi ta 1983. Tana da araha, tana cin kaya, amma araha ba ta ado. Ba ta da siffa, kaya na zamewa a cikinta, zif ɗinta ya kan fashe, ruwa kuma yana ratsa ɗinkinta. Wanda ba shi da wata sai ita, ya sa kayan cikin babbar leda tukuna, kada ya cika ta fam, ya naɗe ta ta yi tauri, ya ɗaure a kan sirdin goyo.

Akwai kuma ƙaramar jakar tanki, mai maganaɗisu ko maɗauri. Ita ce ta ruwan sha da tocila da caja. Sai dai a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a tabbata ba ta tokare shi ba, ba ta kuma danna ham ba. Jakar goyo a baya kuwa ba ta doguwar tafiya ba ce. Tana gajiyar da kafaɗa, in kuma aka faɗi da wani abu mai tauri a ciki, ƙashin baya ne zai karɓa. Kuɗi da waya da lasin da takardun babur da rasit ɗin sayensa, a sa su a leda cikin aljihun ciki, a jikin mutum. Tsakanin Okene da Abuja shingayen bincike ba kaɗan ba ne, ga jami'an hukumar kiyaye haɗurra wadda aka kafa a 1988, kuma tun ranar 1 ga Janairu 2009 ake tilasta sa hular kwano. Bai kamata a ce sai an kwance kaya duka kafin a nuna takarda ba.

ƊAURI

Jaka mai kyau da mugun ɗauri ba ta da amfani. Robar tsohon tif da kowa ya saba da ita tana riƙe kaya ƙwarai, amma rana na cinye ta, ta kan tsinke ba sallama. A sayi sabuwar yanka, a ƙara da igiya ko maɗauri mai ƙugiya wanda ba ya miƙewa. A ɗaure a jikin ƙarfen babur, kada a ɗaure a sigina ko madogarar lamba. Duk wani saura na igiya a naɗe shi a cusa, kada a bar shi yana reto kusa da sarƙa. Danja da lamba su kasance a fili. In an gama, a kama kayan a girgiza da ƙarfi: in babur ne ya motsa gaba ɗaya, ɗauri ya yi, in kaya ne suka motsa su kaɗai, a sake. Bayan tafiyar rabin sa'a a tsaya a ƙara ja, domin kaya na kwantawa, sa'an nan a duba a duk inda aka sha mai. A ƙara wa tayar baya iska gwargwadon abin da aka rubuta don goyo, a sa makaniki ya ɗaga shokozoba zuwa mataki mai tauri, a kuma gwada babur da kayansa a unguwa kwana ɗaya kafin tafiya.

TSARABA

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. Abin da ke sa samarinmu lafta wa babur kaya shi ne kunyar shiga gida hannu rabbana bayan shekara guda a Kurmi. To, mu yi lissafi. Jarkar manja mai lita 25 ta kusa kilo 23. Rabin buhun shinkafa kilo 25 ne. Galan ɗin fetur mai lita 4 kilo 3 ne. Kafin a sa garin rogo da tufafi an riga an wuce kilo 50. Ƙaramin babur don mutum biyu matsakaita aka gina shi, kuma mutum yana karkata tare da mahayi a kwana, buhu kuwa ba ya yi. Jarkar da ba ta cika ba ta fi muni, domin man yana kai-komo a ciki yana fizgar babur. Wanda zai goya mutum kuwa, ya sani ba shi da sauran wuri sai mangala mara nauyi.

Shawararmu ita ce manja da shinkafa da duk wani buhu a ba motocin da ke komawa Arewa daga Mile 12 ko kasuwar Shasha ta Badun, a karɓa a Kafancan. Kuɗin dakon bai kai na ɗaurin karaya ba. Haka nan in za a dawo. Ƙasar Kagoma da Kwoi da Kachiya ƙasar citta ce, ko da yake cutar da ta afka wa gonaki a 2023 ta yi wa manoma mummunar ɓarna, kuma kowa yana so ya zo wa maƙwabtansa da citta da acca da doya. Waɗannan ma kayan mota ne.

Abin da bai kamata a bari ba shi ne kayan gyara: tif guda, faci, famfo, fulogi, sifana, da ɗan man sarƙa. Daga Bwari zuwa Jere, daga Jere zuwa Kwoi har Fadan Kagoma, akwai wurare masu nisa tsakanin mai faci da mai faci. A sa rigar sanyi a saman jaka inda hannu zai kai, domin hunturun ƙasar tuddai ba irin na Ikko ba ne, ƙura kuma na shiga duk jakar da bakinta bai rufu ba. Mai tafiya tsakanin Afrilu da Oktoba kuwa, ruwa ne abokin gabarsa, sai ya sa kome cikin leda kafin ya sa a jaka.

Har ila yau a tuna dokar hanya ta Jihar Ikko ta 2012, wadda a wancan lokaci ta hana babura bin hanyoyi 475, da kuma hanin acaɓa a tsakiyar birnin Abuja tun 2006. Babur mai tulin kaya shi ya fi jan idon jami'ai. Ya kyautu mutum ya tambayi shugabannin ƙungiyarsa hanyar da zai bi ya fita, ko ya ɗora babur a mota har ya wuce inda aka hana. A raba tafiyar aƙalla kwana biyu, a yi ayari da 'yan'uwa, kada kuma a yarda dare ya yi wa mutum a daji. Sannu-sannu kwana nesa.

Iyaye da ke zaune a Fadan Kagoma suna duban hanyar Kwoi, ɗansu suke jira, jarkar manja kuwa ko ta biyo baya da mako guda ba wanda zai yi fushi. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo da shi lafiya, amin.