Me doka ta tanada kan wuraren da al'umma ke girmamawa a kudancin Kano?

A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sanya hanyar ziyarar ibada ta ƙabilar Wixarika da ke ƙasar Meziko cikin jerin kayan tarihin duniya, shekara biyu bayan gwamnatin ƙasar ta kafa dokar kare irin waɗannan hanyoyi.

A Najeriya dai babu wata doka guda da aka keɓe domin haka, kuma kudancin jihar Kano misali ne na yadda lamarin yake.

Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, an killace shi ne tun zamanin Turawan mulkin mallaka, daga bisani aka mayar da shi gandun namun daji. A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sanya shi cikin sababbin gandun daji goma na ƙasa.

To sai dai wannan kariya ta itatuwa ce da dabbobi. Ba ta shafi tsofaffin kufai da maƙabartu, ko duwatsu da kukokin da Maguzawa ke girmamawa a ƙauyukan yankin ba.

Haka abin yake ga tsofaffin hanyoyi. Garin Bebeji, inda aka haifi attajiri Alhassan Ɗantata a 1877, zango ne na fatake tsakanin Kano da Zariya, amma babu dokar da ta hana a nome turbarsu ko a yi gini a kanta.

Dokoki uku ne suka fi shafar batun.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, wanda ke da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a. Diyyar da ake biya ta gini ce da amfanin gona, ba ta darajar wurin a zukatan mutane ba.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa kuwa, tana kare wuri ne bayan an ayyana shi a hukumance. Ta irin wannan hanya ce kurmin Osun da ke Osogbo ya kai ga shiga jerin UNESCO a 2005.

Sai dokar ma'adinai ta 2007, wadda ta haramta haƙa a wurin da jama'a ke ɗauka mai alfarma. Wannan na da muhimmanci ga Riruwai da ke Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Matsalar ita ce akasarin waɗannan wurare ba a rubuce suke ba, dattawa ne kawai suka san iyakokinsu. Muddin masu unguwanni da dagatai ba su kai sunayensu gaban hukuma ba, zai yi wuya doka ta yi musu rana ranar da motar rusau ta iso.