Aure Ya Mutu, Wa Zai Biya Kuɗin Asibitin Yara?

A ƙasar Amurka magani yana da tsada ƙwarai, kuma yawancin ma'aikata ta hannun wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, wadda ke ɗaukar nauyin ma'aikaci da iyalinsa. Saboda haka duk ranar da aure ya mutu, akan bar uwa da yara cikin zullumi, domin takardar da ke buɗe musu ƙofar asibiti tana hannun wanda ya bar gidan.

Alƙalan kotunan iyali sun daɗe suna yanke hukunci cewa uba ya ci gaba da riƙe 'ya'yansa cikin inshorarsa. Amma fa yanke hukunci daban, zartar da shi daban. Wani uban sai ya cire sunayen yaran a asirce, uwa ba za ta sani ba sai ranar da ta kai yaro asibiti aka miƙo mata takardar biya. A da, kamfanonin su ma sukan noƙe, su ce yaron ba ya zaune tare da ma'aikacinsu, ko kuwa su ce dokar tarayya ce ke mulkin shirinsu, kotun jiha ba ta da iko a kansu.

Gyaran bai zo rana ɗaya ba. Cikin 1975 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin karɓo kuɗin ciyar da yara, kowace jiha ta buɗe ofishinsa. Cikin 1984 aka umurci ofisoshin nan su riƙa neman a sa maganar lafiya cikin hukuncin. Sa'an nan dokar 1993 ta toshe ƙofofin da kamfanoni ke bi suna zillewa, watau ta tilasta musu bin hukuncin kotu, ta kuma hana su ƙin yaro don ba ya gidan ubansa, ko don an haife shi ba da aure ba.

Babbar dabarar ta zo cikin dokar 1998. Maimakon a yi ta bin uba ana lallashi, sai hukuma ta aika wa wurin aikinsa takardar umurni kai tsaye. Cikin kwanakin aiki 20 dole mai kamfani ya miƙa ta ga masu kula da inshorar, a rubuta sunan yaron, a riƙa cire kuɗin daga albashin uban tun bai shiga aljihunsa ba. Haka ake yi wa uwa idan ita kotu ta ɗora wa nauyin. Wanda ya bijire kuwa ana iya kama shi da laifin raina kotu, a ci shi tara ko a ɗaure shi.

Matar da aka rabu da ita ba ta sami gata irin na yaran ba. Wata doka da aka sa wa hannu cikin 1986 ta yarda ta zauna cikin inshorar tsohon mijinta har wata 36, idan kamfanin yana da ma'aikata 20 ko fiye, amma ita za ta biya kuɗin duka, kuma sai an sanar da shirin cikin kwana 60, in ba haka ba damar ta wuce. Har yanzu kuma dabarar ba ta kama uban da ba shi da albashi ba.

Wannan darasi bai yi nisa da Nijeriya ba, inda shirin inshorar lafiya na ma'aikata ke ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ya kamata uwar da ke neman haƙƙin 'ya'yanta gaban alƙali ta roƙi a ambaci kuɗin magani filla-filla cikin hukuncin, da wanda zai biya, da hanyar karɓa. Zazzaɓin yaro ba ya jiran ranar da za a sake zaman kotu.